Lacca: Abin da ya haɗa 'yan Odd Fellows

Jama'a, barkanmu da wannan lokaci. Da zarar an ambaci ƙungiyoyin 'yan uwantaka na maza a Turai da Amurka, abin da ke fara faɗo wa mutane a rai shi ne sirri: musabaha ta musamman, kalmar shiga, taro a bayan ƙofa. Duk akwai su. Ni dai abin da nake so mu duba yau shi ne dalilin da ya sa lebura yake tsakurar albashinsa yana kai musu.

Mu ɗauki Odd Fellows. Tushenta Ingila ne, tun ƙarni na 18. A ranar 26 ga Afrilu 1819, wani maƙeri haifaffen Landan, Thomas Wildey, ya zauna da mutum huɗu a Baltimore suka kafa reshe a Amurka. Tambarinsu sarƙa ce mai zobe uku: abota, ƙauna, gaskiya. Aikin da suka ɗora wa kansu kuwa shi ne duba marar lafiya, agaza wa wanda ke cikin ƙunci, binne mamaci, da ilimantar da maraya.

Ku lura da wanda suka sa a gaba. A wancan zamani gwamnati ba ta da inshorar ma'aikata, in magidanci ya kwanta ciwo mako biyu, to gidansa ba a ɗora tukunya. Reshe ne ke biyansa kuɗin jinya duk mako daga abin da aka tara. Amma ba aike ake yi masa ba, 'yan uwa ne ke takowa da ƙafarsu. In ciwon ya tsananta, a raba dare, wannan ya kwana a gefen gadonsa yau, wancan gobe, don matarsa ta samu ta runtsa. Tabbas zuwan yana hana wani ƙaryar ciwo. Duk da haka mutumin da ya kwana yana ba ka ruwa a baki ya wuce mai bincike, kuma wannan ne ya fi taɓa ni a tarihinsu.

Ba zan ɓoye muku aibinsu ba. Reshen Amurka ya ƙi karɓar baƙar fata, sai da wani ma'aikacin jirgin ruwa, Peter Ogden, ya samo musu izini daga Ingila suka buɗe nasu a New York a 1843. Masu kiran ƙauna da gaskiya sun rufe wa maƙwabcinsu ƙofa, wannan abin kunya ne. Mata kuma sai a 1851 aka buɗe musu sashen Rebekah.

Daga baya gwamnatoci suka karɓi nauyin: Birtaniya ta kawo inshorar ƙasa a 1911, Amurka ta kafa tsarin fansho a 1935. Alheri ne babba, domin ya kai ga waɗanda babu reshen da zai karɓe su. Sai dai 'yan ƙungiya sun yi ta raguwa, kuɗin jinya ya koma zuwa daga ofis, rabon kwana a gefen majinyaci kuwa babu hukumar da ta gaje shi.