Jawabin Maraba ga Shugaban Majami'unmu na Ƙasa, a Ranar Tunawa da Waɗanda Yaƙi Ya Ci, Maraɗi

Mai girma Baba Shugaba, fastoci da dattawan ekklesiya, wakilan hukuma, iyayenmu ƴan mazan jiya da ke zaune a sahun gaba, Zumuntar Mata, matasa, da maƙwabtanmu Musulmi da suka amsa gayyata, ina gaishe ku cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu.

Baba, sannu da zuwa, sannu da hanya. Kilomita fiye da 600 tsakanin Yamai da Maraɗi ba wasa ba ne ga mai shekarunka. Ka ratso Doso, Dogon Dutsi, Ƙonni, Madawa da Gidan Rumji, kuma mun ji tun da asuba kuka kama hanya. Mun yi ta leƙen titi har mata suka fara cewa tuwo zai huce. Allah ya kawo ka lafiya, mun gode masa.

Yau ba bikin girbi ya tara mu ba, kuma ba ɗaurin aure ba. Mun taru ne mu tuna da waɗanda yaƙi ya ci. Da dattawa suka ɗora mini wannan jawabi, sai na koma littafin Sama'ila na biyu, sura 23, inda aka jera jarumawan Dawuda ɗaya bayan ɗaya, kowa da sunan ubansa ko garinsu. Wurin nan ne da yawanmu muke tsallakewa a karatun safe, don sunayen suna da wuyar faɗa. Amma duba wanda aka rufe jerin da shi: Uriya Bahitte, sojan da Dawuda da kansa ya sa aka kai bakin daga aka janye aka bar shi, don ya rufe asirin abin da ya yi da matar Uriya. Sarki ya so a manta da shi, Littafi Mai Tsarki ya ƙi. Abin da na fahimta ke nan, Baba: tunawa a wurin Allah da suna ake yin ta, ba da jimilla ba.

Mu kuwa jimilla muka fi sani. Mun san ranar 10 ga Disamba 2019 an kashe sojojinmu 71 a Inates, aka yi makoki na kwana uku a ƙasa baki ɗaya. Wata guda bai cika ba, ranar 9 ga Janairu 2020, aka kashe 89 a Shinagodar. Kafin nan akwai tsibirin Karamga a Tafkin Chadi a 2015, da Boso a 2016. Talakawan da ba su taɓa riƙe bindiga ba ma ba su tsira ba, kamar mutanen Choma Bangu da Zarumdarai da aka hallaka a farkon 2021. Rediyo ya faɗi adadi, muka ce Allah ya jiƙansu, muka koma kasuwa. To amma kowane ɗaya cikin 71 ɗin nan akwai uwar da ta goya shi, akwai sunan da take kiransa da shi wanda ba ya cikin takardar soja. Mafi yawansu Musulmi ne. Da suka tsaya a bakin iyaka ba su tambayi addinin wanda ke barci a bayansu ba, don haka mu ma ba za mu tambayi nasu ba kafin mu yi kukansu.

Bari in ɗan ja ka baya, Baba, don hanyar da ka biyo tana da nata tarihin. A 1899 rundunar Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine ta bi ta ƙasar nan tana ƙone garuruwa. Birnin Ƙonni da ka wuce ta sha wuta da takobi a hannunsu. A watan Yuli na wannan shekara sojojinsu da kansu suka harbe su, kuma kaburburansu suna nan Maijirgi, a ƙasar Tasawa, cikin jiharmu ta Maraɗi. Waɗanda suka yi kisan suna da kabari da suna. Waɗanda aka kashe fa, wa ya rubuta nasu? Na taɓa tsayawa a wurin, na rasa abin da zan ce, sai dai na tuna maganar annabi Ishaya cewa Allah ya zana mutanensa a tafin hannunsa.

Bayan haka Faransa ta ɗebi samarinmu zuwa yaƙin duniya na farko da na biyu. Kakana yana cikin waɗanda suka je na biyu suka dawo. Yana da lambobin yabo a cikin wani gwangwani, amma ba ya son a buɗe. Abin da yake yi kawai, in an gama cin tuwon dare, ya kira sunan wani abokinsa da suka tafi tare bai dawo ba, ya yi shiru. Muna yara muna dariya, mun ɗauka tsufa ne. Sai da na girma na gane shi kaɗai ya rage a duniya mai kiran wannan sunan.

Kada a ɗauka muna yabon yaƙi ne. Dawuda ya yi wa Saul waƙar makoki ko da yake Saul ya yi shekaru yana farautar ransa, Ubangijinmu kuma ya ce mu ƙaunaci magabtanmu. Wannan umarni yana da nauyi a Maraɗi ta yau, inda ƴan bindiga ke addabar ƙauyukan Madarumfa da Gidan Rumji, ƴan'uwanmu daga Sakkwato da Zamfara da Katsina kuma suka tsallako neman mafaka tun 2019. Ba zan ɓoye maka ba, akwai masu zama a nan da addu'a domin magabci take maƙale musu a wuya. Ni ma wani lokaci haka. Muna roƙo ka taɓa wannan a wa'azinka.

Baƙo ba ya tafiya ba a miƙa masa kuka ba, namu biyu ne. Muna so ka umarci kowace majami'a ta buɗe littafi, a rubuta sunan duk wanda yaƙi ko ƴan bindiga suka kashe a garinta, soja ko manomi, Kirista ko Musulmi, a riƙa karantawa sau ɗaya a shekara. Na biyun ya fi tsada. Wasiƙar Yakubu a Littafi Mai Tsarki ta ce addini na gaskiya shi ne kula da marayu da gwauraye cikin wahalarsu. Zumuntar Mata sun riga mu, suna tara gero tiya-tiya suna kai wa matan da aka bari da yara, amma rumbunsu ƙarami ne, kuɗin lakwal na marayu kuma ya fi ƙarfinsu. Muna roƙon a kafa asusu na ƙasa domin wannan.

Yanzu dattawa za su miƙa maka ƴar tsarabarmu, buhun gero da ƙuli-ƙulin Maraɗi da Zumuntar Mata suka soya da hannunsu. Daga nan mu miƙe tsaye mu yi shiru na minti ɗaya, magatakarda ya karanta sunayen da muka iya tattarawa daga unguwanninmu. In ya gama, Baba, bagade naka ne.