Gwajin jini sau ɗaya ba ya auna damuwarka

[Hoto: waya a hannu, ana duba WhatsApp]

Ana ta yawo da maganar nan a wayoyi: wai ka je a ɗebi jininka a auna kortizol, sinadarin da ke hawa a jiki idan mutum ya shiga damuwa, nan take a faɗa maka yawan damuwar da ke cin ka. Jama'a, a dakata tukuna.

Wajen auna damuwa, masu bincike sun fara ne da ƙirga abin da ya faɗa wa mutum. A 1967, likitocin Amurka biyu, Holmes da Rahe, suka jera al'amura 43, kowanne da makinsa: rasuwar miji ko mata 100, saki 73, aure 50. E, har aure. Sai dai babu fari a jerin, babu rumbun da ya ƙare kafin kaka, ga shi kuwa a nan gida su ne ke hana magidanci barci.

A 1983 wani masanin halayyar ɗan Adam, Cohen, ya zo da tambayoyi kan yadda mutum ke jin nauyin a ransa. Takardarsa mai tambaya 10 aka fi amfani da ita, kan watan da ya wuce, maki daga 0 zuwa 40.

[Hoto: zanen ƙoda, sai layi mai hawa da sauka]

To, ga inda ake ruɗewa. Kortizol sinadari ne da wasu 'yan gaɓoɓi biyu da ke saman ƙoda ke fitarwa, kuma da agogo yake tafiya. Minti 30 zuwa 45 bayan farkawa yana ƙololuwa, daga nan ya yi ta sauka, tsakar dare ya kai ƙasa. Mutum ɗaya, lafiyarsa lau, a auna shi bayan asuba a kuma auna shi bayan isha'i, sai ka rantse mutum biyu ne.

Ba a nan ta tsaya ba. Ɗan kabu-kabun da ya kurɓi shayi mai ƙarfi ya tauna goro, nasa na iya hawa. Mai gadin da ya kwana ido biyu, agogonsa ya karkace. Mai juna biyu, nata sama yake. Tsoron allurar ma kanta na ɗaga shi. Ƙwayar dexamethasone da wasu ke sha don su yi ƙiba kuwa danne shi take, sai takarda ta nuna kamar babu komai. 

[Hoto: auduga a baki, ana rubuta lokaci jikin kwalba]

Shi ya sa a bincike ake ɗibar miyau sau da yawa a yini, kwana biyu ko fiye, kowace kwalba da lokacinta. Rabin awa kafin ɗiba, ba ci, ba sha, ba asuwaki.

[Hoto: almakashi a ƙeya]

In damuwar watanni ake nema, gashi ake yanka daga ƙeya, dab da fata. Santimita 1 kusan wata guda ne, 3 wata uku. Shi ma sai an haɗa shi da amsoshin da mutum ya bayar da bakinsa kafin a ce wani abu.