Laccar da aka yi kan gano nakiyoyi a hamada da kyamarar zafi

Assalamu alaikum jama'a, na baya kuna ji na ko? To madalla.

Bari mu fara da Masar, yankin El Alamein. A 1942 sojojin Jamus da Italiya ƙarƙashin Rommel da na Ingila ƙarƙashin Montgomery suka gwabza a wurin, kowane ɓangare ya binne nakiyoyi ba iyaka, yaƙi ya ƙare kowa ya kama gabansa aka bar wa Larabawan ƙauye makiyaya, har yau mutum zai fita da tumakinsa ya dawo ba ƙafa. Nan kusa da mu ma akwai, arewacin Chadi, Borku da Ennedi da Tibesti, ragowar yaƙinsu da Libiya ne na shekarun 1980.

To ita wannan kyamarar zafi, wato infrared, da ake neman nakiyoyin da ita, me take gani? Wallahi ba nakiyar take gani ba, ku riƙe wannan. Zafin saman yashi kawai take aunawa. Rana ta fito ta gasa ƙasa, zafin yana ratsawa ciki, idan ya tarar da wani abu da ba yashi ba, ƙarfe ne ko roba ko TNT, sinadarin fashewar da ke cikin nakiyar, to yadda yake wucewa ya canza, sai ɗan yashin da ke samanta ya fi na gefe ɗumi ko ya fi shi sanyi, bambancin ƙanƙani ne, tafin hannunka ba zai ji ba amma a allon kyamara zai fito kamar ɗan tabo zagayayye. Kamar dai dutsen murhu ne, an kashe wuta toka ta huce shi yana nan da ɗuminsa.

Hamada ta dace da aikin don ba ciyawa ba danshi, ga rana ta yi ƙuna dare ya yi sanyi. Amma fa sai an san lokaci. Sau biyu a rana, wajen hantsi da kuma wajen faɗuwar rana, zafin tabon da na gefensa sukan zo daidai, tabon ya ɓace ɗif, ka ɗau hoto a lokacin ka ce fili lafiya lau alhali ga ta nan kwance. Shi ya sa masu aikin suke ɗaukar wuri ɗaya sau da yawa, dare da rana, su jera hotunan a kwamfuta.

Wani zai ce ai akwai na'urar gano ƙarfe. Akwai, amma nakiya irin VS-50 ta Italiya jikinta roba ne, ƙarfen ciki kaɗan ne, ga filin yaƙi cike da kwankon harsashi da gwangwani, na'urar ta yi ta kuka a banza. A jami'ar Binghamton a Amurka sun gwada ɗora kyamarar zafi a jirgi maras matuƙi don neman PFM-1, ƙaramar nakiyar nan ta Tarayyar Sobiyet mai fuka-fuki da aka watsa a Afganistan, ya yi aiki, sai dai ita a sama take ba binne ta ake ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne zurfi. Nakiya ta wuce kamar santimita 10 a ƙasa, tabon ya dushe. Su kuwa na Alamein sun haura shekara 80 iska na tara musu rairayi, wasu ma ambaliya ta ɗauke su daga inda taswira ta ce suke. Dutse ma tabo yake bayarwa, sai a zaci nakiya ce.

Don haka ni a ganina, kyamarar ta nuna inda za a fara ne, ta rage faɗin filin. Tonowa kam har yanzu sai mutum ya sa rigar kariya ya durƙusa, yana soka tsinken ƙarfe a karkace a hankali a hankali. Akwai mai tambaya? Malam na can gefe, bismilla.