Wace Makaranta Ce Za Ta Kai Ka Ga Zama Akanta?

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Shugaban taro, malamai, iyayenmu maza da mata, da ku 'ya'yana 'yan ajin ƙarshe, barkanmu da warhaka. Na bayan nan kuna ji na? To madalla. An ce in yi magana a kan yadda ɗalibi zai zaɓi makarantar da zai karanci aikin akanta da binciken kuɗi, kuma abubuwa biyar na rubuto. Wanda yake da biro ya fito da shi, don akwai sunayen da ba sa zama a kai sai an rubuta.

Na farko, sakamakonka na sakandare. Kiredit biyar ake nema, a ciki dole akwai Turanci da Lissafi, kuma yawancin jami'o'i suna son Ikonomiks. WAEC ce, NECO ce ko NABTEB, galibi ba a karɓar abin da ya wuce zama biyu. A jarrabawar JAMB kuwa Turanci, Lissafi, Ikonomiks, sannan darasi ɗaya kamar Kwamas ko Gwamnati, gwargwadon abin da makarantar ta rubuta a kundin JAMB na shekarar. Ku duba kundin da idonku. Kada ku bar wa yaron shagon kwamfuta ya zaɓa muku darussa, shi burinsa layi ya ragu. Wanda kuma ya gudo ajin kasuwanci don tsoron Lissafi, to ga Lissafi nan ya riga shi zuwa, yana jiransa a bakin ƙofa. (Dariya.) Amma ku kwantar da hankali, lissafin akanta tarawa ne da ɗebewa da kaso cikin ɗari. Natsuwa yake so.

Na biyu, kuma a nan zan daɗe, ku yi haƙuri da ni. Kwalin digiri ko na babbar difloma ba shi ne yake mai da mutum cikakken akanta a Najeriya ba. Zan maimaita don iyaye su ji. Yaronka zai gama jami'a, a yi walima, a ɗauki hoto da hula, amma doka ba ta ba shi damar sa hannu a kan rahoton binciken asusun kamfani ba. Wanda yake sa wannan hannun sai ɗan ƙungiyar ƙwararru mai lasisin aiki. Ƙungiyoyin biyu ne. Akwai ICAN, wadda dokar majalisa ta kafa a 1965. Akwai ANAN, wadda aka kafa a 1979, ta samu dokarta a 1993, kuma tana da kwalejinta ta horar da akantoci a Kwall, kusa da Jos. Mai ICAN yana rubuta ACA a bayan sunansa, mai ANAN yana rubuta CNA. To tunda can za ka, tambayar da za ka yi wa kowace makaranta ita ce: nawa za ki rage mini daga tafiyar?

Ga yadda abin yake. Jarrabawar ICAN hawa uku ce, na tushe, na tsakiya, da na ƙwararru. Idan ICAN ta je makarantarku ta duba malamai, ta duba manhaja, ta duba ɗakin karatu, ta amince da kwas ɗin akanta na wurin, to ranar da ka gama za ka nemi a yafe maka takardu, a ɗauke maka hawan tushe, ka fara daga gaba. Wanda ya fito daga makarantar da ba a tantance ba, abin da za a yafe masa bai kai naka ba. Kowace takarda kuma kuɗin rajista ce, kuɗin darasin yamma ce, watanni ne na karatu bayan an taso daga aiki a gajiye. Akwai ma makarantun da suka ƙulla wata yarjejeniya ta musamman da ICAN, ana ce mata MCATI, inda ake haɗa manhajar makaranta da ta ƙungiyar, ɗalibansu kuma suna samun yafiyar da ta fi ta kowa. Mutum biyu za su gama shekara ɗaya da maki iri ɗaya, ɗaya ya riga ɗaya zama ƙwararre da shekara ko fiye, ba don ya fi shi ƙwaƙwalwa ba. Tun ranar cike fom aka raba su.

Saboda haka tantancewa iri biyu za ku bincika, kada ku haɗa su. Ta gwamnati daban: jami'a NUC ce take duba ta, kwalejin kimiyya da fasaha, wato foli, NBTE ce mai hedikwata a Kaduna. Kuma ku lura, kwas ake tantancewa ɗaya bayan ɗaya. Jami'a tana iya zama da lasisinta lafiya lau, sashen Shari'a yana da cikakkiyar amincewa, sashen Akanta kuwa yana kan ta wucin gadi, ko ma an hana shi. Cikakkiya shekara biyar take yi, ta wucin gadi biyu, sannan a dawo a sake dubawa. Kwas ɗin da ba a amince da shi ba, ranar tafiya bautar ƙasa ake gane kuka, domin sunanka ba zai fito ba. Haka wanda makaranta ta ba shi gurbi ta bayan gida, ba ta manhajar JAMB ba. Wannan ta gwamnati ke nan. Ta ƙungiyar ƙwararru kuma daban, ita ce mai rage maka takardu. Jerin sunayen duka yana shafukansu na intanet. Allon bakin ƙofa da tallan rediyo ba hujja ba ne. Ka buɗe jerin, ka nemi sunan makarantar, ka nemi sunan kwas ɗin, ka duba shekarar da amincewar za ta ƙare. Ai aikin odita, wato mai binciken kuɗi, ke nan tun ba a fara ba: an faɗa maka, ka ce ina takarda?

Bari in ɗan ratse, don na ga iyaye da yawa a nan kuma na san halin da ake ciki. Akwai hanyar da ba a cika faɗa wa yaranmu ba, sunanta ATSWA. Jarrabawa ce ta ƙananan akantoci ta Afirka ta Yamma, a Najeriya ICAN ce take gudanar da ita. Da sakamakon sakandare kawai ake shiga, kiredit biyar da Turanci da Lissafi. Kashi uku ce, kowane kashi takarda huɗu, ana zama a watan Maris da Satumba. Yaron da bai samu gurbi bana ba, maimakon zaman majalisa a bakin titi, ya fara wannan. Wanda ya samu gurbi ma yana iya haɗawa da karatunsa. In ya gama ya zama AAT, wato ƙaramin akanta mai takardar shaida, yana da damar wucewa jarrabawar ICAN ta manya, wasu jami'o'in kuma suna karɓarsa kai tsaye a aji biyu. Don haka in za ka zaɓi gari, ka tambaya ko akwai cibiyar zana jarrabawar da wurin darasin share fage a kusa. Kano da Kaduna da Abuja ba a rasa su. Makarantar da take da nisan yini guda daga cibiya, kuɗin mota da masauki kaɗai sun isa su sa ɗalibi ya haƙura.

Hanyar ANAN kuwa, sai ka gama digiri ko babbar difloma, ka tafi kwalejin Kwall ka yi karatun ƙwarewa, ka ci jarrabawa, sannan ka yi shekara biyu kana horo a ƙarƙashin wani ƙwararre. Ma'aikatan gwamnati da yawa a jihohinmu ta nan suka bi. Manyan kamfanonin bincike irin su KPMG, PwC, Deloitte da EY sun fi neman ICAN ko ACCA, ƙungiyar akantoci ta Ingila, wadda kuɗinta da fam ake biya. Kuma suna son sakamako mai kyau, yawanci digiri mai matakin tu-wan zuwa sama, suna kuma sa iyakar shekaru ga sababbin ɗauka.

Na nawa muke? Na uku? Wani ya ce na huɗu. To, mu ce na uku. Jami'a ko foli? Jami'a shekara huɗu. Foli shekara biyu ta ƙaramar difloma, shekara ɗaya ta koyon aiki, biyu ta babbar difloma, biyar ke nan. A wurin ICAN da ANAN duka biyun ƙofa ce. A aikin gwamnati har yanzu ana kokawa kan bambancin da ake nuna wa mai babbar difloma, wannan gaskiya ce, ba zan ɓoye muku ba. Amma shekarar koyon aikin nan tana da daraja ƙwarai ga wanda ya yi ta a ofishin odita, ba a shagon kawunsa yana danna waya ba. Muna da tsofaffin wurare: Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, Bayero ta Kano, Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato, Jami'ar Maiduguri, Kaduna Foli da sauransu. Tsufan suna bai ɗauke maka duba jerin nan ba.

Sannan ka je makarantar da ƙafarka. Ka samu ɗan aji uku a sashen, ba jami'in yaɗa labarai ba, ka tambaye shi malamai nawa ne suke da ACA ko CNA. Ka tambaye shi su nawa ne a aji. Ka ce ya nuna maka ɗakin kwamfuta, ka ga ko ana kunna su, ko ɗalibai suna taɓa manhajojin lissafi irin su Excel da Sage ko QuickBooks da hannunsu. Sai ka yi masa wannan gwajin. Littafin kuɗin kamfani ya ce akwai naira 850,000 a banki, takardar banki ta ce 1,020,000. Ina 170,000 ta fito? Ɗalibin da aka koyar da kyau ba zai ce an yi sata ba, zai ce a kawo takardu. Sai a ga cakin 200,000 da aka ba ɗan kwangila bai kai banki ba tukuna, an zuba 25,000 da yamma ranar ƙarshen wata ba ta bayyana ba, banki kuma ya cire cajin 5,000 da ba a shigar a littafi ba. Ku lissafa, 200 a cire 25 a cire 5, ga 170 ta fito. Ko kuma lissafi ya ƙi daidaita da naira 900. Wanda ya ƙware zai fara raba bambancin da tara, in ya rabu daidai sai ya zargi an juya lambobi, an rubuta 4,500 a maimakon 5,400. In ɗan aji uku ya tsaya yana kallonka, to haddar ma'anoni ake yi a wurin, kuma odita da hadda kaɗai ba zai iya bin baucan biya ya ga babu amincewar shugaba, ko babu takardar shigar kaya sito, ko rasit ɗin ya girmi ranar sayayyar ba.

Ka kuma tambaya ko manhajarsu ta zamani ce. Kamfanonin da ke kasuwar hannun jari sun koma tsarin IFRS, wato ƙa'idojin rubuta rahoton kuɗi na duniya, tun 2012, gwamnati tana bin irinsa na hukumomin gwamnati mai suna IPSAS, kuɗin tarayya suna asusun bai ɗaya na TSA tun 2015, dokar kamfanoni an sabunta ta a 2020. Malamin da yake karanto takardun da ya rubuta shekara ashirin da suka wuce zai sa ka sake karatu daga farko.

Shugaban taro yana nuna mini agogo. Sauran a gurguje. Kuɗi: ka lissafa na shekara huɗu gaba ɗaya, da masauki da abinci, ka ware na jarrabawar ƙwararru. Akwai bashin karatu na NELFUND ga 'yan makarantun gwamnati. Yajin aiki: na ASUU a 2022 wata takwas ya ci, kuma wanda ya haura shekara talatin kafin ya gama ba ya zuwa bautar ƙasa. Digirin tsallaken iyaka na 'yan watanni, ku guje shi. A Janairun 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance takardun Benin da Togo saboda irin wannan. Wanda kuma yake son aiki a Nijar, can tsarin SYSCOHADA ake bi, da Faransanci, don haka... na'am? Hajiya tana da tambaya, a miƙa mata abin magana.

Wata uwa daga cikin mahalarta: Malam, 'yata tana son karatun nan, amma mahaifinta ya ce ƙarshensa aikin banki ne da kuɗin ruwa. Yaya za mu yi?

Hajiya, Allah ya saka da alheri, wannan tambayar tana zukatan mutane da yawa a ɗakin nan. Hukunci na malamai ne, su za a tambaya. Abin da zan faɗa miki shi ne inda aikin yake. Banki ɓangare ɗaya ne kawai. Asibiti yana da akanta, makaranta tana da shi, kamfanin shinkafa, ƙungiyar agaji, hukumar alhazai, hukumar zakka. Kowace jiha tana da ofishin babban akanta da na babban mai binciken kuɗi, har da mai binciken ƙananan hukumomi. Akwai aikin haraji, da ƙungiyarsa CITN. Ko a bankin ma, Jaiz ya fara aiki a 2012 ba tare da kuɗin ruwa ba, TAJBank ya biyo a 2019, Lotus a 2021, ga kamfanonin takaful, wato inshorar Musulunci, ga sukuk, takardun zuba jari marasa kuɗin ruwa, da gwamnatin tarayya take fitarwa ana gina hanyoyi. Duk waɗannan suna neman wanda ya iya rubuta cinikayyar Musulunci irin su murabaha da ijara da mudaraba a littafi daidai, ya kuma san ƙa'idojin AAOIFI, hukumar tsara lissafin cibiyoyin kuɗi na Musulunci da ke Bahrain. Idan can 'yarki ta nufa, ta duba makarantar da take koyar da wannan fannin; Jami'ar Bayero tana da cibiya guda ta harkar banki da kuɗi ta Musulunci. Amma ta fara da digirin akanta da aka tantance, ta yi ICAN ko ANAN ɗinta, sannan ta ɗora wannan a kai. Ki ce wa Alhaji ya zo da ita, su buɗe jerin makarantun tare kafin a rufe rajistar JAMB. Akwai wata tambayar? Ɗan baya can mai farar hula, taso.