Jawabin maraba daga masu injin casa, mata masu gumi da manoman rani na Kura ga jagoran tawagar abokan hulɗa na ƙasashen waje kan wutar sola

Assalamu alaikum warahmatullah. Mai girma babban baƙonmu da 'yan tawagarsa, mai girma Hakimi ranka ya daɗe, mai girma shugaban ƙaramar hukuma, dagatai da masu unguwanni, limamanmu Allah gafarta muku, iyayenmu mata, matasa, kowa da kowa sannunku da zuwa.

Ranka ya daɗe, muna yi maka lale marhabin da zuwa Kura. Hausawa sun ce baƙonka annabinka, balle baƙo irinka da labarin aikinsa ya riga shi isowa. Ba sai mun tsaya lissafa alheranka ba, kowa a nan ya san ba kowane babba ne zai baro sanyin ofis a Abuja ya biyo hanyar Zariya cikin wannan zafin don ya ji kukan talaka ba. Mun gode, Allah ya saka.

To tunda an ce mana lokacinka kaɗan ne, bari mu fara da abin da ya tara mu kada mu yi ta zagaye-zagaye lokaci ya ƙare. Muna roƙon ƙaramar tashar wutar sola, irin wadda ake kira minigirid, a wurin da injinan casar shinkafarmu suke. Ita ce buƙatarmu ta farko, kuma in ma abu ɗaya tak za ka iya tunawa idan ka koma, to ita ce.

Amma ya kamata ka san garin da ka shigo. Tun kafin Bature ya zo Kano a 1903 sunan Kura yana bakin fatake har Agadas da cikin Sahara, saboda rini. Rawanin nan baƙi mai ƙyalli da Buzaye suke naɗawa, har yau ɗan Kura ake ce masa, a karofin kakanninmu ake tsoma shi cikin baba a fitar a sake tsomawa, sannan mabuga su ɗora shi a kan gungume su yi ta bugu har sai ya ɗauki ido. Wato hulɗar ƙasa da ƙasa ba yau muka fara ta ba, da raƙuma muka fara. Da aka gama madatsar Tiga a 1974, aikin da aka fara zamanin Gwamna Audu Baƙo Allah ya jiƙansa, ruwa ya biyo kanal ya ratso Bunkure da Garun Malam da Kadawa da nan Kura, sai muka koma noma rani da damina, shinkafa, tumatur, albasa, alkama, masara. Ka je Kwanar Gafan lokacin tumatur ka ga manyan motoci a jere suna lodin kwanduna zuwa Legas. Shinkafar gida kuwa wadda ake ci a birni da jihohin maƙota, ka tambaya a kasuwa, da yawanta daga hannun matan nan da ke zaune a gabanka ta fito. Kuma ba mu manta ba, da tallafin Bankin Duniya a shirin TRIMING aka gyara mana kanal ɗin nan bayan sun lalace shekara da shekaru, don haka mun san haɗin kai da ƙasashen waje yana da amfani idan ya sauko ƙasa.

Ruwa dai mun samu. Wuta ce ta gagara.

Mace za ta jiƙa shanshera ta kwana, ta hura itace ta turara a rabin duro, hayaƙi na shigar mata ido, ta shanya a kan tampol tana kora awaki da kaji, ta kwashe ta kai inji, sai mai inji ya ce mata yau babu gas ko kuma kuɗin casa ya ƙaru, kuma ba laifinsa ba ne, lita ɗaya ta gas ta haura naira 1,000 tuni, shi ma sai ya sayar da buntu yake haɗa kuɗin yaran da ke masa aiki. Manomin da kanal bai kai gonarsa ba da injin ban ruwa mai shan fetur yake aiki, daga 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafi fetur ya tashi daga ƙasa da naira 200 ya yi ta hawa har ya wuce 1,000, wasu rage gona suka yi, wasu suka haƙura gaba ɗaya. Wutar layi kuwa, ranka ya daɗe, waya muke gani a sama. Taransifoma in ta ƙone mu ake cewa mu yi karo-karo mu gyara, bil kuma ba ya fashi ko an kawo ko ba a kawo ba. A watan Oktoban 2024 da aka lalata manyan layukan da ke kawo wuta arewa, jihohi da yawa sun fi mako guda cikin duhu, a birni aka yi ta kuka a rediyo, mu nan wasu ba su ma lura ba don dama haka muke.

Abin da ke ƙona mana rai shi ne rana ga ta nan a kanmu kyauta. Muna jin rediyo, ba a baya muke ba. Mun ji Bankin Duniya ya ce 'yan Najeriya wajen miliyan 85 ba su da wuta. Mun ji ya amince da dala miliyan 750 a Disambar 2023 don shirin DARES na minigirid da sola ta gida-gida ta hannun hukumar samar da wuta a karkara. Mun ji taron Darussalam na Tanzaniya a Janairun 2025 inda aka yi alkawarin kai wuta ga mutum miliyan 300 a Afirka kafin 2030, ga kuma shirin Bankin Raya Afirka na megawat 10,000 na sola a ƙasashen Sahel 11 har da Najeriya da Nijar. Da idonmu kuma mun ga tashar megawat 10 da aka buɗe a Kumbotso a Janairun 2023, ga ta Jami'ar Bayero mai megawat 7.1, ga shagunan kasuwar Sabon Gari da aka haɗa da sola. Duk nan kusa da mu ne, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba. To mu da muke ciyar da su fa?

Kuma mun yi tambaya wajen yaranmu masu haɗa sola kafin mu rubuta wannan takarda. Sun ce abin da ke cin kuɗi a sola batir ne, farashin farantan kam ya faɗi sosai a shekarun nan. Mu kuwa aikinmu na rana ne, daga hantsi zuwa la'asar injinan nan suke kuka, daidai lokacin da rana take ganiyarta, ke nan ba ma buƙatar tulin batir kamar masu son wutar dare. Abin da muke buƙata wuta mai layi uku wadda za ta iya tada motar da ke juya injin casa, da rancen sauƙi da za mu sauya injinan gas ɗinmu da masu aiki da lantarki. Ba kyauta muke nema ba, a sa mana mita mu biya, wanda ya saba sayen gas jarka-jarka ba zai ji tsoron kati ba. Da ruwan ciki ake jan na rijiya, fili mun tanada kuma iyayen ƙasa sun sa albarka, gadi mun ɗauka a kanmu, wankin farantai lokacin hunturu da ƙura ke rufe su ma matasanmu za su yi.

Sai dai akwai wata magana da dattawa suka ce lallai a faɗa, a yi mana afuwa. An sha kawo mana sola a ƙasar nan. Fitilun kan titi da aka kafa lokacin siyasa, shekara ɗaya biyu batir ya mutu, yanzu ga sandunan nan tsaye ba wanda ya dawo ya duba. Famfon burtsatse mai sola, inbata, wato na'urar da ke sarrafa wutar solar, ta ƙone, wanda ya haɗa ya koma inda ya fito da lambar wayarsa. Shi ya sa roƙonmu na biyu, idan za a yi, a koya wa yaranmu maza da mata gyara tun daga ranar da aka fara haƙa rami, a ajiye kayan gyara a nan Kano, kuma kamfanin da za a ba aikin a ɗaure shi da yarjejeniya ta shekaru wadda mu ma za mu ga kwafinta da Hausa.

Sauran buƙatun a taƙaice. Manoman tumatur suna son ɗakin sanyi mai sola, don lokacin da kaya ya yi yawa kwando kan faɗi warwas har a zubar a bakin titi. Manoman rani suna son famfon ban ruwa na sola a biya kaɗan-kaɗan bayan girbi. Mata kuma sun ce a tuna da ɗakin haihuwa, ungozoma ba za ta ci gaba da karɓar haihuwa da fitilar waya a baki ba. Duk suna da muhimmanci, ba mu raina ko ɗaya ba, amma mun zauna mun yi shawara mun ga idan tashar injinan casa ta tsaya da ƙafarta, kuɗin da ke tafiya a gas zai zauna a garin, sauran ma za mu iya fara wasu da kanmu.

Don haka ranka ya daɗe muna sake maimaitawa, minigirid a wurin injinan casa. Muna roƙon ka turo injiniyoyinku su zo su auna kafin shinkafar damina ta shigo, kuma ko amsar a'a ce a rubuto mana ta hannun mai girma Hakimi mu san matsayinmu. Ga takardar da sunayen masu injina da sa hannunsu, ga ɗan buhun shinkafarmu da rawani ɗan Kura tsarabar iyali, filin kuma yana nan bayan rumfar nan, minti biyar ya isa ka gan shi kafin ka shiga mota. Allah ya mayar da kai gida lafiya.

Wassalamu alaikum.

Kwamitin tarbar baƙi, a madadin masu injin casa, mata masu gumi da manoman rani.