Tsamin Jiki Bayan Tiyata: Daga Ina Yake, Yaya Ake Kare Shi?

An yi wa mutum ɗan ƙaramin aiki, an sallame shi a ranar. Washegari ya tashi wuya ya riƙe, kafaɗu da baya da haƙarƙari duk sun yi tsami, sai ka ce an lakaɗa masa duka. Inda aka yanka ma bai dame shi haka ba. Me ya kawo wannan?

Sau da yawa daga wata allura ce mai suna suxamethonium, wadda ma'aikatan ɗakin tiyata ke kira scoline. Tun 1951 ake aiki da ita. Bayan an sa maras lafiya barci, sai tsokokinsa sun saki kafin a zura masa bututun numfashi ta maƙogwaro. Ita wannan allura cikin minti ɗaya take kamawa, ta sake shi bayan minti biyar zuwa goma, ga araha. Shi ya sa har gobe asibitocinmu ba su rabu da ita ba, musamman a aikin gaggawa.

To amma kafin tsoka ta saki, sai ta yi fizge-fizge. Wanda ke tsaye a wurin zai ga fatar ido tana rawa, yatsu suna motsi, ƙirji yana ɓari na 'yan daƙiƙoƙi. Mai barci bai san ana yi ba. Kwana ɗaya ko biyu sai tsamin ya bayyana, kuma kusan rabin waɗanda aka yi wa allurar ba tare da kariya ba suna jin sa. Ya fi kama matasa, musamman mata, da waɗanda suka tashi zirga-zirga da wuri. Yara ƙanana da tsofaffi ba kasafai ba.

Abin da ya kamata kowa ya sani, ana iya rage shi tun kafin a fara aikin. Likitan sa barci kan ba da ɗan kaɗan na wani maganin sakin tsoka, irin su rocuronium, kamar minti uku kafin scoline. Yakan kuma sa lidocaine, maganin kashe zafi, ta jijiya, ko ya ba da diclofenac, maganin ciwon jiki. Wani lokaci ma ya bar scoline ɗin gaba ɗaya.

Saboda haka idan za a yi maka tiyata, likitan sa barci ya zo duba ka, don Allah kada ka yi shiru. In ya taɓa samun ka, ka ce masa, "Likita, wancan karon na sha tsamin jiki." Idan kana da gyambon ciki, ciwon koda ko asma, ka faɗa, don diclofenac ba na kowa ba ne. In wani a danginku ya taɓa daɗewa bai farfaɗo ba, ko jikinsa ya yi mugun zafi ana cikin aiki, wannan kam wajibi ne ya ji.

Tsamin yakan wuce cikin kwana biyu zuwa uku da hutu da farasitamol. Amma idan fitsari ya koma launin baƙin shayi, ko ga zazzaɓi, ko gaɓoɓi sun mutu, a koma asibiti nan take.