Sharhi: Da wane mudu ake auna lafiyar ƙasashe?

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da warhaka.

A shekarar 2000 Hukumar Lafiya ta Duniya ta jera ƙasashe 191 bisa nagartar tsarin kiwon lafiyarsu. Faransa ce ta zo ta ɗaya, Italiya na biye da ita. Amurka, duk da maƙudan kuɗin da take narkarwa a harkar lafiya, a mataki na 37 ta tsaya. Najeriya kuwa ta 187, ƙasashe huɗu kacal muka fi. Rahoton ya tayar da ƙura, gwamnatoci da masana suka yi ta sukar yadda aka yi lissafin, kuma tun daga lokacin hukumar ba ta ƙara fitar da irin wannan jeri ba.

Ba cewa muke an zalunce mu ba. Duk wanda ya taɓa jinyar ɗan'uwa, aka miƙo masa takarda ya fita sayen safar hannu da ruwan ƙari cikin dare, ba ya buƙatar rahoto kafin ya san inda muke. Abin tambaya shi ne me ake aunawa, kuma wa ya ƙirga.

Tun a 1966 wani likita mai suna Avedis Donabedian ya shimfiɗa hanyar da masana ke bi har yau. Ana duba gini da kayan aiki da yawan ma'aikata, a duba abin da ake yi wa marar lafiya in ya shigo, sannan a duba ƙarshensa, ya warke ko bai warke ba. 'Yan siyasarmu na farkon suka fi so, don shi ake kira 'yan jarida a buɗe. Amma a 2018 wani kwamitin masana na mujallar Lancet ya ƙiyasta cewa a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi, mutum miliyan 5 ke mutuwa duk shekara bayan sun je neman magani an ba su kulawa marar inganci, yayin da miliyan 3.6 ke mutuwa saboda ba su samu zuwa ba. Wato waɗanda suka isa ƙofar asibiti suka rasu sun fi waɗanda ba su isa ba. Yawan gadaje ba zai taɓa nuna maka wannan ba.

To, ƙarshen marar lafiya shi ne ma'auni na gaskiya, kuma a nan gizo ke saƙar. Ɗauki mutuwar mata wajen haihuwa. Binciken lafiyar al'umma da aka yi a Najeriya a 2018 ya ba da mata 512 cikin kowace haihuwa 100,000. Ƙiyasin hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya na shekarar 2020 ya ba da 1,047. Ƙasa ɗaya, tazarar shekara biyu, amma wannan ya ninka wancan. Dalili? Na farkon an bi gida-gida ne ana tambayar mata game da 'yan'uwansu mata da suka rasu, na biyun kuma lissafi ne aka gina don cike gurbin bayanan da babu su. Su ƙasashen Turai ba sai sun yi wannan kame-kame ba, rajista kawai suke buɗewa. Hukumar Lafiya ta Duniya da kanta ta ce a Turai kusan kowace mutuwa ana rubuta ta, a Afirka kuwa ɗaya cikin goma ce ke shiga littafi.

Mu a Kano mun ga illar wannan da idonmu. A watan Afrilun 2020, lokacin da dattawa suka riƙa rasuwa a cikin birni ba ƙaƙƙautawa, masu haƙa kabari ne suka fara cewa aikin ya fi na kullum. Babu littafin da za a buɗe a kwatanta bana da bara. Sai da aka turo jami'ai suka bi iyalan mamata suna tambayar irin ciwon da ya yi ajalinsu, kafin ministan lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya bayyana cewa an ƙirga mutum 979, kuma rabi ko fiye na iya kasancewa korona ce. Muna binne mamacinmu cikin sa'o'i kaɗan kamar yadda addini ya koyar, wannan daidai ne. Rubuta suna da shekaru da sanadi ba zai jinkirta jana'iza ba.

Ko alƙaluman asibiti ma sai an karanta su da hankali. Mace ta kwana biyu tana naƙuda a gida, an kai ta ƙaramin asibiti an ce a wuce gaba, aka sako ta a Adaidaita Sahu tana zubar da jini, ta cika jim kaɗan da shigarta babban asibiti. A littafin wa za a rubuta ta? A na wanda ya karɓe ta daga ƙarshe. Shi ya sa wurare irin Asibitin Murtala da Asibitin Malam Aminu Kano, da ake turo musu masu ciwo mai tsanani daga ko'ina, ba za a gwada yawan mace-macensu da na asibitin kuɗi mai zaɓen majinyata ba. Ita kuma wadda ta rasu a ɗakinta, babu littafin da ya san da ita.

Sannan lamba ɗaya da ake liƙa wa Najeriya tana ɓoye da yawa. Wancan binciken na 2018 ya nuna cikin yara 1,000, waɗanda ke mutuwa kafin su cika shekara biyar 30 ne a jihar Ogun, 252 a jihar Kebbi. Matsakaicin ƙasa, 132, bai faɗi gaskiyar ko ɗaya daga cikinsu ba.

Rajistar haihuwa da mutuwa aikin Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ne, amma jami'inta ba ya kwana a Kurna ko Ɗorayi. Mai unguwa na nan, limamin da ya sallaci gawa na nan, mai gadin maƙabarta na nan, kuma dukkansu sun san wanda aka kai makwanci jiya. Gwamnatin jiha da masarauta za su iya ajiye littafi a kowace maƙabarta, a riƙa tattara shi duk wata ana miƙa wa ma'aikatar lafiya, ita kuma ta fito ta faɗa wa jama'a abin da ta gani, ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma.